Yadda Ƙasimu Baduku Ya Nemo wa Asusunmu Masauki

Duk Bahaushen da ya je Shiling sayen jaka a shekarun da suka gabaci gasar Olamfik ta Beijing, da wuya a ce bai bi ta hannun Ƙasimu Baduku ba. Shiling gari ne a wajen Guangzhou, sai an shiga mota, kuma ba abin da ake yi a cikinsa sai jaka. Tun daga bakin titi warin gam da sabuwar leda zai tare ka. Ni takalma nake saye ina kai wa Ƙofar Wambai, amma nakan haɗa da jakunkunan mata, ta haka muka saba da shi.

Ɗan unguwar Dukawa ne a cikin birnin Kano. Mahaifinsa gafaka da alabe da tumtum yake ɗinkawa, shi ma da basilla a hannu ya tashi. Da jakunkunan Chaina suka cika kasuwa aikin gidansu ya fara ja baya, sauran dukawa suna ta tsinuwa, shi kuwa sai ya je ya sayo guda ɗaya da kuɗinsa, ya sa reza ya farke ta, ya baje a tabarma yana kallo. So yake ya gane yadda aka yi ɗinki ya miƙe haka ba karkata. Wani attajirin Kantin Kwari ya gan shi yana wannan aiki, ya ce mutumin da ke farke sabuwar jaka shi ya dace ya riƙa duba masa kaya kafin a loda. A shekarar 2005 ya biya masa jirgi. Attajirin ya daina zuwa daga baya, Ƙasimu kuwa ya zauna, ya zama mai duba kaya ga duk wanda ya neme shi.

Mutum ne siriri, mai sanyin murya, ba ya son hayaniya, amma ba a taɓa yin mai tambaya irinsa ba. Me ya sa ma'aikata ke kwanciya a ƙarƙashin keken ɗinki bayan cin abincin rana? Me ya sa ake shan ruwan zafi ana tsakiyar gumi? Me ya sa lawban, wato mai masana'anta, yake karɓar kati da hannu biyu? Mu da muka zo neman riba ba mu da lokacin irin wannan. Kalma uku ta ishe mu: nihaw ta gaisuwa, shiyeshiye ta godiya, sai meyo, wato babu. Shi kuwa yana zaune cikin masu ɗinki yana nuna abu yana tambayar sunansa. Yawancinsu mutanen lardin Sichuan ne da suka zo ci-rani, saboda haka Sinancin da ya koya ya fito da karin harshensu. Na sha ganin direban tasi ya waiwayo yana neman inda ɗan ƙauyen Sichuan ya ɓuya a motarsa, sai ya ga baƙin mutum da hula zanna.

Harshen nan shi ya jawo masa aikin da bai nema ba. Ɗan kasuwa zai sauka da zazzaɓi, ko hawan jini ya buge shi a tsakiyar kasuwar Shahe, ba ya jin likita, likita ba ya jin sa. Sai a kira Ƙasimu. A hankali suka zama su kaɗan masu wannan raka marasa lafiya: shi, da Hajiya Madina, wata Bakanuwa mai sayen tufafi da ta daɗe a garin har ta samu takardar zama, da wasu biyu da ke zuwa suna komawa. Ba wanda ke biyan su. Sai dai asibiti yakan nemi a ajiye wani abu kafin a ba da gado, kuma ba kowane baƙo ne ke da shi a hannu ba, musamman wanda ya riga ya zuba jarinsa a kaya. Shi ya sa aka fara karo-karo duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Abin da aka tara a wurin Alhaji Barmo ake ajiyewa. Dattijo ne mutumin Maraɗi, yana da shagon tura kaya a unguwar Xiaobei, wadda mu muke kira Shawbe. A cikin durowar teburinsa kuɗin suke zama, cikin wata jakar leda, gefen takardun kwantena. Ba wanda ya taɓa zarginsa. Shi ne ma ya fara ƙorafi.

"Malam Ƙasimu, wannan amana ta ishe ni," ya ce da shi wata rana ina zaune. "In Allah ya ɗauke ni yau, ɗiyana su zo su buɗe durowa, mi za ya nuna musu wannan na marasa lafiya ne, wannan na kaya ne? Ku kai banki."

Ƙasimu ya tafi banki. Yarinyar da ke kan tebur ta saurare shi da kyau, sannan ta tambaye shi ko ƙungiyar tasu tana da hatimi. A ƙasar nan takarda ba ta zama takarda sai an buga mata jan hatimi mai zagaye. Ya ce meyo. Ta ce to ba ƙungiya ke nan. Wani zai tashi ya tafi, shi kuwa sai ya gyara zama ya tambaye ta ina ake samun hatimin. Ta ce sai an yi rajista. Ina ake rajistar? Ta faɗa masa ofishin. A can aka ce masa sai wata ma'aikata ta tsaya musu, kuma mutanen da bizar kasuwanci ta kawo, yau suna nan gobe sun tafi, ba a ga ta inda za a fara ba. Ya dawo ya shaida wa Alhaji Barmo cewa a idon hukuma mu ba mu wanzu ba. Ya faɗi haka ne ba da ɓacin rai ba, kamar wanda ya gano wani sabon abu game da kansa. Kuɗi suka ci gaba da zama a durowa.

Ana nan sai girgizar ƙasa ta auka wa Sichuan, a watan Mayun 2008. Ƙasimu yana cikin masana'anta a Shiling da rana lokacin da labarin ya iso. Ya ce bai taɓa jin kekunan ɗinki sun yi shiru gaba ɗaya ba sai ranar. Kowa ya riƙe waya a kunne, layi ba ya shiga. Akwai wata mai ɗinki da yake kira Daje, wato babbar yaya, ita ta koya masa yawancin kalmomin da ya sani. Ta bar 'yarta a ƙauye wurin kaka. Kwanaki tana zuwa aiki tana zama gaban keke ba ta taɓa shi. Daga baya aka samu labari yarinyar tana raye, kakar ma haka, amma makarantar ƙauyen ta rushe, yara a cikin tanti za su ci gaba da karatu, ba littafi ba komai.

Juma'ar da ta biyo baya ba a taɓa tara abin da aka tara ba. 'Yan Kano, 'yan Nijar, 'yan Gana, har waɗanda jirginsu zai tashi da yamma sun zuba. Ƙasimu ya kawo shawara a ɗinka wa yaran jakar makaranta, tunda abin da muka sani ke nan, a zuba fensir da littattafai a ciki. Lawban ya ba da kekunansa kyauta, mu muka sayi yadi da zif, su Daje suka yi ɗinkin bayan tashi daga aiki. Kaya suka haɗu, katan-katan, shuɗi da ja.

A nan aka tsaya. Wurin da ake karɓar gudummawa suka ce in kuɗi ne ga akwati, kowa ya saka. Amma mota guda ta kaya, daga baƙi, zuwa wani ƙauye takamaimai, dole a san ƙungiyar da ta aiko, kuma a ga hatiminta. Katan-katan suka yi zaune a sito, damina ta fara, Ƙasimu yana zuwa yana ɗaga su daga ƙasa kada danshi ya kama.

Matar lawban ce ta ce ya je ya ga wata Madam Liang a Tianhe. Ya roƙe ni na raka shi. Tianhe unguwar dogayen benaye ce da jami'o'i, inda jiragen ƙarƙashin ƙasa ke haɗuwa. Ginin da aka kwatanta mana, ƙasansa kasuwar kwamfuta ce da wayoyi, hayaniya kamar kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ranar Asabar. Muka hau lif zuwa can sama, muka tarar da ɗakuna biyu cike da katan da tsofaffin kujeru, fanka tana juyawa. Madam Liang tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, gajeriya, furfura ta cika kanta, takalmin roba a ƙafarta. Ƙungiyarta, in aka juya sunan da Hausa, Fitilar Unguwa ke nan. Tana da rajista, da asusun banki, da hatimi, da wani tsohon akanta da ba kullum yake zuwa ba. Aikinsu kula da tsofaffi da yaran 'yan ci-rani.

Ta zuba mana shayi a ƙananan kofuna, ta saurari Ƙasimu har ya gama. Ni ba na jin komai, sai abin da ya juya mini. Ta ce abin da muke nema ba sabo ba ne a wurinta. Akwai wasu ɗalibai masu koyar da yara kyauta, da wasu mata masu yi wa tsofaffi aski, duk ba su da rajista, a ƙarƙashinta suke. Sunan abin guwakaw, ma'anarsa ka rataya a jikin wani. Ku za ku yi aikinku yadda kuka saba, in ji ta, ni zan riƙe kuɗin a asusunmu, in ba mai ba da gudummawa rasit, in buga hatimi inda ake buƙata.

Na ga idon Ƙasimu ya yi haske irin na ranar da ya ga sabon keken ɗinki.

"To ke mene ne naki a ciki?" ya tambaye ta.

"Wani ɗan kaso daga abin da ya shigo. Da shi nake biyan akanta da hayar ɗakin nan."

"Idan kuɗin suka shiga asusunki, na wa suka zama?"

Ta ajiye butar shayin. "A takarda, na ƙungiyata ne. Ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke hannunku shi ne yarjejeniya cewa ba za a kashe su ba sai a kan abin da kuka ce."

"Idan muka yi faɗa fa?"

"Ba zan iya miƙo muku su a jaka ba. Sai dai a mayar wa wata ƙungiya mai rajista da kuka zaɓa, ko a kashe a kan irin aikinku."

"Idan mu ne muka yi abin kunya?"

"Ni za a kira," ta ce, tana nuna ƙirjinta. "Shi ya sa ni ma ina da tambayoyi."

Ashe ya gamu da irinsa. Ta tambaye shi wa ya sa su wannan aiki, gwamnatinsu ko masallaci. Ya ce ba kowa. Ta tambaya ko marasa lafiyar danginsu ne. Ya ce yawanci ranar ya fara ganinsu. Ta ce ta ji Musulmi suna da wani haraji na addini, shi ne wannan? Ya shiga yi mata bayanin bambancin zakka da sadaka da Sinancinsa na masu ɗinki, yana lalubo kalma, tana gyara masa. Da ya zo kan kuɗin ruwa, ya ce ba ma so ko kwabo na ruwan banki ya gauraya da namu. Ta ce a duk waɗanda suka zo ofishin nan shi ne na farko da ya roƙi kada kuɗinsa su ƙaru. Muka shiga da hantsi, ba mu fito ba sai da azahar ta kusa wucewa, muka yi salla a kan kwali a wata kusurwar bene. Ta ce ba za ta amsa ba sai ta ga aikin da idonta. Cikin makon ta bi Hajiya Madina asibiti, ta tsaya a gefe tana kallon yadda take fassara wa wata mata 'yar Yamai maganar likita, har ita Madam Liang ta gyara wa matar filo ba ta sani ba. Bayan nan ta amince.

Sauran aiki shi ne shawo kan mutanenmu. Aka taru bayan la'asar a wani gidan abinci a Shawbe. Ƙasimu ya faɗi komai yadda aka faɗa masa, har da maganar cewa a takarda kuɗin na matar za su zama. Wurin ya kaure. Alhaji Barmo, wanda shi ya ce a raba shi da amanar, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Mi kake faɗi haka, Malam Ƙasimu? Sadakar Musulmi mu ɗauka mu ba wadda ba mu san uwatta ba, ba mu san ubanta ba, kuma ta ci wani abu a ciki? Banki na ce, ban ce mace mai furfura ba!"

"Alhaji, bankin ne ya ce bai san mu ba."

Akwai wani tsoho a wurin, Baba Maidaji, mutumin zangon Kumasi, mai sayen kekunan ɗinki. Ba ya yawan magana. Ya bari aka lafa, sannan ya ce shi abin da ya ba shi mamaki, yadda ake jin maganar kamar baƙuwa.

"Kakana fatoma ne," ya ce. "Fatake za su taso daga Kano da kanwa da fata, su zo neman goro. Ba su jin harshen gari, sarkin gari bai san su ba. A gidan kakana suke sauka. Shi zai ajiye musu kaya, ya riƙe musu kuɗi, in rigima ta tashi shi zai je gaban sarki. In an gama ciniki ya ɗauki la'adarsa. Ba wanda ya ce ya ci haram."

"Amma Baba, kakanka Musulmi ne," in ji Alhaji Barmo.

"Musulmi ne. Shi kuma filin da ya gina gidan, a hannun wa ya karɓa? A hannun Asante. Kowa a inuwar wani ya sauka."

Ƙasimu ya matsa kusa da tsohon, ya manta da taron, ya shiga tambayarsa nawa ne la'adar, kuma in fatoma ya mutu kuɗin baƙi ina suke zuwa. Sai da Hajiya Madina ta buga tebur. Ta ce ita ta ga matar, ta ga hannunta a kan mara lafiya, amma ba za ta ce a kwashe komai a kai ba. A fara da jakunkuna. In sun isa, a kai rabin asusun. Zakka kuwa kada ta shiga, kowa ya fitar da tasa inda ya sani. Ruwan banki, in ya taru, a ware shi matar ta yi wa tsofaffinta hidima, mu ba ruwanmu. Kuma ba za a fitar da komai ba sai mutum biyu daga cikinmu sun sa hannu. A kan haka aka watse, Alhaji Barmo yana ta girgiza kai.

Jakunkuna suka tafi cikin motar Fitilar Unguwa. Ba wanda ya bi su a cikinmu. Bayan ɗan lokaci hotuna suka zo. Ga yara a jere gaban tanti, kowa da jaka, ga wani jan ƙyalle a bayansu da rubutu manya-manya. Ƙasimu ya karanta mana: sunan ƙungiyar Madam Liang ne. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta abokai 'yan kasuwar Afirka.

"Afirka duka?" in ji Alhaji Barmo. "Mu munka yi wahala, suna ya tafi ga wasu."

Ba shi kaɗai abin ya sosa wa rai ba, ni ma na ji. Ƙasimu ya tafi da hotunan Shiling. Daje ta nuna masa 'yarta a layi na biyu, ta goya jakar a gaba maimakon baya, ta rungume. Ya tambaya me ya sa. Uwar ta ce haka take yi da duk abin da take tsoron a ƙwace mata. Ta roƙe shi hoton, ya bar mata.

Aka kai rabin asusun. Ba a jima ba muka ga ɗaya fuskar abin. Wani ɗan kasuwa daga Maiduguri, Kallamu, ciki ya murɗe shi ranar Asabar da rana, likita ya ce sai an yi aiki nan take, a ajiye kuɗi. Da a durowa suke, da tasi kawai za a hau. Yanzu kuwa akanta ba ya nan sai tsakiyar mako, hatimi yana kulle, abin da ya rage a wurin Alhaji Barmo an riga an kashe a kan wasu. Hajiya Madina ce ta ciro kuɗin kayanta ta biya. Aka yi aikin lafiya.

Ranar Litinin Ƙasimu ya hau benen Tianhe, kuma a iya sanina ranar ce kaɗai ya je wuri ba da tambaya a bakinsa ba. Ya ce mata ciwo ba ya jiran akanta. Ta ce ta yi shekaru tana jinya, ba sai an gaya mata ba. Amma ita ma akwai masu zuwa su bincika ta, in ta fitar da kuɗi ba takarda, ba ita kaɗai za a rufe ba, har ɗaliban nan da masu aski. Sannan ta ce ya faɗa mata yadda gaggawa ke zuwar musu, wace rana, wane irin ciwo. Daga nan suka fitar da hanya: za a bar wani abu a hannun Hajiya Madina kullum, in ta kashe ta kawo rasit a mayar mata. Sai dai rasit ɗin dole ya zama fapiyaw, wato na hukuma mai hatimi, ba takardar da mu muka saba karɓa mu dunƙule a aljihu ba. Ƙasimu ya yi ta fama da mu a kan wannan. Mutum yana nishi a kan gado, shi yana bin mai kuɗi a taga yana cewa fapiyaw.

Gasar Olamfik tana matsowa, biza ta yi wuya. Wanda a da zai je Hong Kong ya sabunta ya dawo, yanzu sai a ce ya koma ƙasarsa. Shawbe ta fara yin fayau. Alhaji Barmo ya rufe shago ya tafi Maraɗi ba shiri. Kafin ya tafi, da kansa ya ɗauki jakar ledar nan da abin da aka sake tarawa a ciki, ya ce Ƙasimu ya raka shi Tianhe. Bai ce ya canza ra'ayi ba. Cewa ya yi ba ya iya hawa jirgi da kuɗin marasa lafiya. Ba a daɗe ba Ƙasimu ma aka ƙi sabunta masa, ni ma haka, muka dawo Kano.

Ranar da aka buɗe gasar Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci na biya Dukawa, na same shi a zauren mahaifinsa, an tayar da ƙaramin janareta an kunna talabijin, yaran unguwa sun cika ƙofa. Tsohon yana zaune da basilla a hannu yana kallon dubban mutane suna motsi kamar mutum ɗaya.

"Ƙasimu, wacce ce a ciki ta riƙe muku kuɗin?" ya tambaya.

"Baba, ai wannan wani gari ne, da nisa."

"To ita tana ina?"

"Tana ofis, ina jin."

A ofis ɗin take kuwa. A cikin makonnin ne wani dattijo mutumin Azare, Alhaji Babayo, wanda ya samu biza da ƙyar ya zo, ya rasu a ɗakinsa na otal. A cikin masu rakiya Hajiya Madina kaɗai ta rage a garin. Ta ce da ta ga yawan ofisoshin da za a bi kafin a ba da gawar baƙo, ta rasa ta inda za ta fara. Ta kira Madam Liang don maganar kuɗi kawai. Matar ta zo da hatimi a cikin jakarta, ta bi ta ofis-ofis, asibiti, 'yan sanda, ofishin jakadanci, tana rubuta takarda tana bugawa, tana cewa wannan aikin ƙungiyarmu ne. Iyalansa suka yi waya suka ce a binne shi a can. Aka samu izini, Musulmin garin suka taimaka da wanka da sutura. Madam Liang ta tsaya a waje har aka gama, hannunta a baya.

Sai bayan ƙaramar Salla muka fara komawa. Da Ƙasimu ya je gaishe ta, ta zuba shayi, ta ce ta daɗe tana jiransa. Me ya sa aka naɗe mamacin da farin yadi kawai, ba riga ba takalmi, shi da aka ce mai arziki ne? Me ya sa ake sauri haka? Me ya sa sallar ba a sunkuya ba? Ya amsa wanda ya sani. Wanda bai sani ba ya ce zai tambayi liman ya dawo, kuma ya dawo ɗin.

Mun yi 'yan shekaru a inuwarta. Ba kullum ake jin daɗi ba. An yi ta gardama a kan kason da take cira, akwai kuma lokacin da ta ƙi amincewa a biya wa wani tarar wuce wa'adin biza daga asusun, ta ce ba shi aka rubuta ba, wasu suka daina zubawa saboda haka. Daga baya gwiwoyinta suka hana ta zirga-zirga, ta miƙa ragamar ƙungiyar. Wanda ya gaje ta mutumin kirki ne, amma ya ce shi ba zai iya ɗaukar nauyin baƙi ba. Aka bi yarjejeniya: abin da ya rage aka sayi kekunan guragu aka ba asibitin da muka fi kai mutane. Alhaji Barmo ne ya tura na farko har cikin ɗakin marasa lafiya, da babbar rigarsa.

Karo-karo ya koma hannun Hajiya Madina na wucin gadi, Ƙasimu kuma ya shiga yawon neman wani masaukin, da sunayen da Madam Liang ta ba shi. Biyu sun ce meyo, ɗaya ta ce a dawo bayan sabuwar shekara. Zuwana na ƙarshe kafin in bar harkar takalma, na je yi masa sallama a Shawbe, na tarar da wasu 'yan Mali biyu zaune a benci suna jiransa. Su ma suna da nasu asusun a cikin durowa, an ce musu akwai wani Bakano da ya san yadda ake yi. Alhaji Barmo ne ke yi musu tafinta da Faransanci. Na ba Ƙasimu hannu, ya ce in gaida gida, ya ja kujera ya zauna a gabansu.